Ni Na Buɗe wa Kifaye Ƙofa

Tashar bincike, bakin rafi.

Zuwa ga maigidana, Baban yara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwarka? Ina fata shafa maganin kake yi, ba ajiye shi ka yi a kan firij kana gaishe shi safe da yamma ba. Yaya 'Yar Baba da nauyin jiki? Ka ce mata ta rage hawa benen nan nasu, mijinta yana da ƙafafu. Yaya ɗalibanka na koyon tuƙi, sun bar katangar maƙwabta ta huta?

Na zaɓi in rubuto maka maimakon in hau tudu neman sabis, domin a waya ba ka bari in kai aya. A takarda kuwa babu birki a ɓangarenka irin na motar koyo. Dole ka bi ni har inda na tsaya.

Maganar ita ce, ba zan dawo ƙarshen watan nan ba kamar yadda muka yi.

Ranar Litinin sabon Daraktan cibiyarmu ya zo tashar nan, karo na farko tun da aka naɗa shi. Da farin takalmi ya zo, ka ji, farin takalmi a bakin rafi. Tare da shi akwai mutanen kamfanin lemon kwalbar da ke gina masana'anta a bayan tudu. Ko zama ba su yi ba. Muna tsaye a ɗakin tankuna, injin ruwa yana ta gurnani, ya gaya mini an ba kamfanin ruwan rafin nan. Za su kafa ƙofar ƙarfe a bakinsa, daidai inda yake zuba cikin kogi, su tare ruwan su riƙa janyewa. Tashar za a rufe ta, ni kuma in koma hedikwata, an tanadar mini tebur kusa da taga. Na ce masa kifayen fa? Ya ce kamfani ya yi musu tanadi, an gina magudana ta siminti can ƙasa kaɗan, da tafki mai tsakuwa a ƙarshenta, za a riƙa turo ruwan kogi a ciki. Kifi ai kifi ne, in ji shi, inda ya ga ruwa nan zai bi.

Baban yara, na san ka ji labarin kifayen nan har ya ishe ka, amma duk lokacin da na fara, barci kake yi kafin in kai tsakiya. Yau ka daure. A cikin tsakuwar rafin nan ake ƙyanƙyashe su. Suna ɗan tasawa sai su gangara kogi, su faɗa teku, su yi shekaru a can. Idan lokacin zuba ƙwai ya yi sai su juyo, su wuce bakin rafuka da dama ko kallo ba su yi ba, su shiga wannan da aka haife su a ciki. Da hanci suke gane shi. Wannan ba ni na gano ba, an daɗe da sani. Kifi yana haddace ƙamshin ruwan gidansu tun yana ƙarami, ƙamshin ƙasa da ganyaye da duwatsun wurin, idan kuwa aka toshe masa hanci sai ya yi ta ɓata.

Abin da nake nema shi ne yadda hancin yake ganewa. Yawancin masana sun ce siffa ce. Kowane ƙamshi ƙwaya ce mai siffarta, takan shiga gurbinta a hanci kamar mabuɗi a kwaɗo. Wasu 'yan tsiraru, waɗanda ake yi wa dariya a taro, sun ce siffa kaɗai ba ta isa ba. Kowace ƙwayar ƙamshi tana kaɗawa kamar tsirkiyar da aka taɓa, kuma kowace da irin kaɗawarta. Suka ce a cikin hanci akwai wani ɗan ƙanƙanin abu mai ɗauke da lantarki, ilektron, yana son tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, bango ya tare shi. A duniyar ƙananan abubuwa, wadda ake kira kwantam, irin wannan abu yana iya ratsa bango ba tare da ƙofa ba, in dai ya sami inda zai sauke ƙarfin da ya yi masa yawa. Idan kaɗawar ƙwayar ta dace sai ta karɓi ƙarfin, shi ya ratsa, hanci ya ce na ji. Wato hanci ba taɓawa kawai yake yi ba, har da saurare. Ni ina cikin 'yan tsirarun nan, ka sani.

Shi ya sa shekarun baya na reni 'ya'yan kifi kashi biyu a tankunan nan. Kashin farko na riƙa ɗiga musu wani sinadari mai ƙamshi a ruwa. Kashi na biyu na ɗiga musu shi dai wannan sinadarin, siffa ɗaya, sai dai haidurojin, ɗaya daga cikin sinadaran da suka haɗa shi, an sauya shi da irin mai nauyi, saboda haka kaɗawarsa ta bambanta, kamar tsirkiya mai kauri da siririya. Na farko na ɗan datse musu fiffiken hagu, na biyu na dama, na sake su suka tafi teku. Bana za su dawo. A harabar tashar nan rafin ya rabu hanya biyu, zan ɗiga marar nauyi a ɗaya, mai nauyi a ɗaya. Idan kowane kifi ya bi wanda aka rene shi da shi, to hanci yana jin kaɗawa. Wannan amsar nake jira tun 'Yar Baba ba ta yi aure ba, yanzu mai farin takalmi ya ce in tattara in tafi, saura 'yan makonni.

Na gaya masa ba inda za ni sai kifayen sun zo. Ya ce umarni ne. Na ce na ji, amma kifayen ba su samu kwafi ba.

Na san abin da ke bakinka: 'Yar Baba. Na yi mata alkawarin ina kusa in za ta haihu, ban manta ba. Kifayen sukan zo ne da manyan ruwan farko, ita kuma likita ya ce da saura. In Allah ya yarda zan sami duka biyun. Ka lallashe ta, kai take ji.

Ka gaishe mini da ita da mijinta, da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya tsare mini kai.

Taka har kullum,
Maman yara.

*

Zuwa ga maigidana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar kewa, da fatan kana lafiya, gwiwa ta yi sauƙi, 'Yar Baba kuma tana samun barci.

Takardarka ta iso da direban motar kaya. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ka ce 'Yar Baba ta yi kuka, ta ce tun tana firamare kifi ne yayanta, ita ƙanwa ce. Wannan maganar ta shige ni, ba zan ɓoye maka ba, na wuni ban ci abinci ba. Ka ce kuma ƙanwarka ta zo ta ce Uwar Kifaye ta zaɓi 'ya'yanta na gaskiya. Ka gaya mata na karɓi sunan, na gode, har zan sa a rubuta mini shi a ƙofar ofis in an bar mini ofis. Amma ka tambaye ta, lokacin da mijinta ya tafi kwas tana da tsohon ciki, wa ya ce ya zaɓi kwas a kan ɗansa? Da addu'a aka raka shi har filin jirgi.

Kai kuma ka ce ba ka hana ni ba, amma ba ka yarda ba. Na san ka, wannan a bakinka magana ce mai nauyi. Ban raina ka ba, Baban yara, kuma ba zan taɓa raina ka ba. Sai dai ka tuna ba a ɗakin girki ka fara ganina ba. A bakin ruwa ka gan ni da takalmin roba har gwiwa, ina warin kifi, ka ce haka kake so. Ban canza ba, tsufa kawai na yi.

Ga abin da ya faru a nan. An dakatar da ni daga aiki. An zo an ɗauke motar tasha, an yanke mana wuta. Injiniyan da ke kula da injinan ruwa an ce ya koma ko a kore shi. Ya so ya zauna, na ce masa ya tafi, yana da ƙananan yara. Da wuta ta tafi injin ɗiga sinadarin ya mutu, sai na shiga gari na sayo robobin ƙarin ruwa irin na asibiti a kantin magani, na rataye jarkoki a kan kanta a saman hanyoyin biyu. Suna ɗiga tsaf. Mai kantin ya tambaye ni wa ba shi da lafiya, na ce masa rafi.

Matsala ɗaya ta rage. Irin wannan gwaji ba ya karɓuwa idan mai ƙirga kifin ya san wace hanya ce ke ɗauke da wane sinadari, domin ido yakan ga abin da zuciya take so. Dole a samu wani ya riƙa sauya jarkokin ban sani ba. Kuma ba na son wanda yake goyon bayana. Sai na hau tudu na kira Farfesa.

Ka tuna shi, malamina na jami'a, wanda ya tashi a gaban taro ya ce shi kimiyya ya koya mini amma na koma duba. Tun ranar ba mu yi magana ba. Na ce masa, Malam, ka ce ƙarya ce, to ga kifi nan tafe, zo ka tabbatar da idonka, ko tsoro kake ji? Ya kashe wayar. Ban sauko daga tudun da wani fata ba. Sai ga shi ranar Laraba a motar haya, da jaka da laima da matashin kansa a hammata. Gaisuwarsa ta farko ita ce ina kwalaben, domin ya tabbata akwai datti a cikin sinadarina, kuma dattin kifi zai shinshina ba wata kaɗawa ba. Ya zauna ya sake tace su da kansa. Na bar shi, haka nake so.

Na ba shi ɗakin Injiniya. Kada ka damu, sa'an mahaifinka ne, kuma ko gaisuwa ba ma gamawa sai da faɗa. Kullum a kan shayi yakan ce jikin mai rai ɗumi ne da danshi da hayaniya, abin kwantam kuwa ba ya jure ko tari. Ni kuma in ce masa ai ba a tambayi hanci ba tukuna. Abu ɗaya muka yarda a kansa. Na kai shi ya ga magudanar kamfanin, ya tsaya ya dube ta daga sama har ƙasa, ya ce wanda ya zana wannan bai taɓa ganin kifi ba sai a faranti.

Sun kafa ƙofar. Ƙarfe ce baƙa, tana da sitiyarin ɗagawa a sama, sun naɗe shi da sarƙa da kwaɗo, sun sa masu gadi. Na rubuta wa hukumar kula da muhalli, na sake rubutawa, shiru. Sama kuwa ta fara haɗa hadari.

Ka ce wa 'Yar Baba kullum tana cikin addu'ata. Na kira ta daga tudu ba ta ɗauka ba. Ba komai, ta yi fushinta, 'yata ce.

Taka,
Uwar Kifaye.

*

Zuwa ga Baban yara, yau kuma Kaka,

Assalamu alaikum. Barka, barka, barka da arziki. Allah ya raya mana ita, ya sa ta cikin masu albarka, ya ba uwarta lafiya. Yaya jikin 'Yar Baba? Tana iya tashi zaune? Ɗinkin yana damunta? Yarinyar tana kama nono? Don Allah ka amsa mini waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kada ka ce mini lafiya lau kawai.

Ta tagar ofishin 'yan sanda na ji labarin. Farfesa ne ya tsaya a waje da laimarsa ya ɗaga murya ya ce ka kira wayarsa, naƙuda ta zo kafin lokaci, an yi tiyata, an sami mace, duk suna raye. Na riƙe ƙarfen tagar na yi hamdala. Na san ka ji an kama ni. Ina so ka ji yadda aka yi daga bakina.

Ruwa ya yi ta sauka har kogi ya cika ya yi ja. Da safe na gangara bakin ƙofar, tun kafin in isa na ji ƙara kamar ana jifan kwanon rufi da duwatsu. Baban yara, sun zo. Ruwan gaban ƙofar baƙi ƙirin da bayansu, suna hawa kan juna. Akwai ɗan ruwan rafi da ke tsiyaya ta ƙarƙashin ƙarfen, shi suka shinshino tun daga teku, a nan suka taru. Sai kifi ya ja da baya, ya yi tsalle, ya daki ƙarfe da kai, ya faɗo, ya sake. Wasu bakinsu ya yage. Wasu sun juya ciki sama, ruwa yana tafiya da su cike da ƙwai. Tsuntsaye sun cika wurin, mutanen gari sun zo da kwanduna da buhuna suna kwasa da hannu. Magudanar kamfanin kuwa tana nan kusa, jifa ɗaya, ruwa yana gudu a cikinta tas. Ko kifi ɗaya bai shiga ba.

Na hau tudu na kira Darakta, aka ce yana taro. Na je wurin manajan kamfanin, ya ce in sun gaji za su bi magudanar. Na ce masa ba gajiya suke yi ba, mutuwa suke yi. Ya ce wannan ba sashensa ba ne. Na koma na zauna a kan dutse ina kallo har rana ta take. A cikin waɗanda ruwa ya turo gefe na ɗaga wata, na juya ta, na ga fiffikenta na hagu a datse. Hannuna ne. Tana kamar yatsana na sake ta, ta je teku ta dawo da tsawon hannuna, ta mutu a bakin ƙofa.

Na tashi na je ɗakin kayan aiki na ɗauko almakashin yanke ƙarfe. Farfesa ya biyo ni. Na ce masa ya koma, ya ce shi ba ruwansa, iska yake sha, kuma hanyar ba ta ubana ba ce. Masu gadin suka tare ni. Na ce musu ba zan yi kokawa da ku ba, ku fito da wayoyinku ku ɗauke ni hoto da kyau, fuskata ta fito, don kada a ce ku ne. Suka dubi juna, suka dubi kifin, suka matsa.

Sarƙar ba ta ba ni wahala ba. Sitiyarin ne ya ƙi juyawa, ruwa ya danne ƙofar. Na rataya a jikinsa da dukan nauyina, ko motsi. Sai wata mata mai sayar da kifi, wadda ta zo kwasa kamar kowa, ta ajiye kwandonta ta kama ɗaya gefen. Ta ce in an kashe iyayen bana, me za ta sayar baɗi? Wasu suka kama. Ƙofar ta yi ƙara ta ɗaga. Ruwan rafi ya kwararo, su kuma suka shige cikinsa kamar an ja su da igiya, suna gogar ƙafafunmu. Ban san ina kuka ba sai da matar ta miƙo mini bakin mayafinta. Na zare ƙusar da ke riƙe da sitiyarin, na mirgina shi cikin kogi inda ya fi zurfi.

Kafin la'asar 'yan sanda suka zo. Na ce musu ni kaɗai ce, sauran kallo suke yi. Kwana biyu na yi a can, a kan benci, da wata baiwar Allah da aka kawo saboda ta fasa wa maƙwabciyarta baki. Ta tambaye ni me na sata, na ce mata ruwa na mayar wa masu shi. Farfesa ne ya tsaya mini aka ba da belina. Kafin in fito ya sa mai sayar da kifin tana duba fiffike tana ƙirgawa, tunda ita ba ta san abin da ke cikin jarkoki ba. Aikin bai tsaya ba.

Yanzu maganar da ta fi wuya. Farfesa ya ce ka gaya masa 'Yar Baba ta yi ta kiran sunana lokacin da ake tura ta ɗakin tiyata. Na san don in ji ka faɗa, kuma na ji. Babu abin da aka yi mini a bana da ya kai wannan zafi, ko dakatarwa ko benci. Amma ba zan ce maka da na sani ba, domin ƙarya zan yi. Da na tafi, da ba wanda zai buɗe ƙofar nan. Ita tana da kai da mijinta da likitoci. Duk da haka ta kira uwarta, uwar ba ta zo ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma ni zan ɗauke su.

Sharaɗin belina shi ne kada in bar garin sai an kai ni gaban alƙali. Ka sumbaci goshin yarinyar a madadina.

Taka,
Maman yara.

*

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, mai jego tana ƙara ƙarfi, amaryarka kuma tana hana ku barci yadda ya kamata.

Hoton jaririyar ya iso. Na juya bayansa ina neman doguwar magana, sai na ga layi ɗaya da rubutunka: hancinki ta ɗauko. Na yi dariya har Farfesa ya leƙo ya ga ko na zautu. Na gode, Baban yara. Na fahimci abin da ka ce da wanda ba ka ce ba.

Kifayen sun gama hawa. Jiya muka zauna a ɗakin tankuna, na kawo ƙirgata, shi ya faɗi wace jarka ya rataya a wace hanya a kowace rana. Ba zan ja maka rai ba. Rabi da rabi. Masu datsen hagu sun bi nan sun bi can, masu datsen dama ma haka. Ba ruwansu da mai nauyi ko marar nauyi. Mun lissafa ta gaba, mun lissafa ta baya, ba inda zan ɓuya. Abin da na yi shekaru ina jira, wanda na rasa haihuwar jikata a kansa, ya ce mini a'a.

Na zaci Farfesa zai yi mini dariya, har na shirya. Sai ya cire tabarau yana ta gogewa, ya ce gwajin mai kyau ne, bai ga inda zai soke shi ba. Na fita na zauna a bakin ruwa ni kaɗai har na huce. Sannan na dawo na ɗauki biro na fara rubuta sakamakon da hannuna, da sunana a sama. Ba zan bari wani ya riga ni faɗa ba, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. Ya ce to yanzu an binne maganar kwantam. Na ce masa sinadari ɗaya ne a kifi ɗaya, ba a binne magana da wannan. Muka koma faɗa. A tsakiyar faɗan ya ce akwai kanta ɗaya da ba kowa a ɗakin gwajinsa, in zo in ci gaba da kuskurena a inda zai riƙa ganina. Na ce zan zo, amma ba zan riƙa dafa masa shayi ba.

Labari ya isa hedikwata, sai ga Darakta yau da safe tare da lauyan kamfanin. Da fara'a ya shigo. Ya ce ya ji abin da ya faru, ya taya ni jaje. Tunda bincikena ya nuna ƙamshi ba shi da tabbas, in sa hannu cewa magudanar za ta wadatar nan gaba. Su janye ƙara, a mayar da ni aiki, tebur na nan kusa da taga. Na ce masa, ranka ya daɗe, hasashena ne ya faɗi, hancin kifi bai faɗi ba. Tambayata ita ce yaya suke shinshina, ba ko suna shinshina ba. Wannan sun amsa ta da kawunansu a jikin ƙarfe, a gaban mutanen gari. Ya ce in yi tunanin iyalina. Na ce iyalina sun riga sun biya nasu kason, ba zan sayar da shi ba. Kafin ya shiga mota ya gaya mini an kore ni. Na ce masa ya kula da taɓo.

Hoton da masu gadin suka ɗauka ya zaga ko'ina, har hukumar muhalli ta tuna tana da adireshina. Alƙali ya ce a bar ƙofar a buɗe sai an saurari maganar ruwan. Ban san yadda za ta ƙare ba, kamfani yana da lauyoyi, rafi ba shi da su. Amma ƙwan bana yana cikin tsakuwa, na gani da idona.

An ba ni izinin tafiya gida kafin ranar shari'ata. Zan taso ranar Alhamis a motar safe. Kada ka zo tasha da gwiwar nan, zan hau tasi, kuma gidan 'Yar Baba zan fara sauka. Ka ce mini a waya har yanzu ba ta ambaci sunana ba. Zan ba ta haƙuri a kan kiran da ta yi ban amsa ba, wannan haƙƙinta ne, sau nawa ta so zan faɗa. Zan yi mata wanki da girki da raino har ta gaji da ganina.

Kotu kuwa daban. Lauyana ya ce in amsa laifi, in ce na yi nadama, sai a yi mini sassauci. Na ce masa rabin farko ba wuya. Zan tashi in ce ni na yanke sarƙar, ni na buɗe ƙofar, da rana tsaka, hankalina ɗaya. Rabi na biyun sai dai shi ya faɗa da bakinsa, in yana da nadamar da ba ya amfani da ita. Ya ce za a iya ɗaure ni. Na ce na san bencin.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma kai kaɗai nake roƙa. Ranar ka zo. Ba sai ka yarda da ni ba. Ka sa babbar rigarka, ka zauna a layin gaba inda zan gan ka idan na tashi.

Ka gaishe da mai jego da angon ƙarni, da ƙanwarka ma. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka,
Kakar jaririya.